Farantin da Laminu Ya Ƙi Taɓawa a Kogin Paris

Tun ranar da na dawo daga Faransa, 'yan fadarmu ta ƙofar gidan Malam Habu ba su bar ni na sha shayi da daɗin rai ba. Wannan ya ce in ba shi labarin ƙanƙara, wancan ya ce wai da gaske ne jirgi na bin ƙarƙashin ƙasa kamar gafiya. Kullum sai in ɗauko daga farko, kafin in kai tsakiya an kira la'asar. To ga shi na rubuta gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda. Amma ku sani tun yanzu, ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Aike ne, kuma saura ƙiris in ɓata aiken da bakina.

Laminu ɗan yayana Sani ne. Shekararsa bakwai a Lyon, ya gama karatu ya kama aikin bincike kan tsabtar ruwan sha. Can ya ga yarinya, Nafisa, haifaffiyar Faransa, tana aikin jinya a asibiti. Ubanta Alhaji Mahaman mutumin Tawa ne, ya shekara arba'in a ƙasar, yana zaune a gefen Paris. Wata takwas ana maganar auren nan ta salula, Alhaji bai ce i ba, bai ce a'a ba. Daga ƙarshe ya ce a turo masa babba daga gida, ya ga babban, ya ga yaron a gabansa, sannan ya faɗi abin da ke ransa. Yaya Sani ƙafa ta hana shi ko zuwa masallaci sai da sanda. Ni kuwa malamin lekol ne, wato makarantar boko, da ya aje aiki, ga Faransanci a baki ya rasa wurin zuwa. Shi ke nan aka ce ni, Isa, ni ne zan tafi.

Wahalar takardu labari ne na daban, ba zan ɓata muku lokaci da shi ba. Daga Maraɗi na shiga kar, babbar motar fasinja, zuwa Yamai, yini guda cur, jakata a ƙarƙashin ƙafa don ban yarda a sa ta sama ba. A cikinta akwai tsarabar Alhaji: goro, dabino, da kilishi mai kyau wanda Yaya Sani ya sa aka yi musamman. Maiɗakina kuma ta daka yaji ta zuba a 'yar kwalba, ta cusa a aljihun wani ƙaton manto, rigar sanyi da na saya a gwanjo. Ta ce, "Ka riƙe wannan, an ce abincinsu kamar na marar lafiya yake." Na yi mata dariya a lokacin.

A filin jirgin Paris kare ne ya tona mini asiri. Ina tafe da jakata cikin mutunci, sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gabana ya ƙi tashi. Wata yarinya 'yar duwan, wato kwastan, wadda ba ta girmi 'yata ta uku ba, ta ce in buɗe. Ta zaro kilishin ta ce nama ba ya shiga ƙasar. Nan na gyara tsayuwa na zuba mata Faransancin da na shekara talatin ina dukan allo a kansa. Na ce busasshe ne, na ce kyauta ce ga dattijo, na ce aure ne a gaba. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce rabon da ta ji Faransanci mai tsabta irin wannan tun wajen kakarta. Sannan ta jefa kilishin cikin kwandon shara. Yabon ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Kwalbar yaji dai karen bai kula ta ba.

Laminu na jirana a waje. Ya rusuna ya gaishe ni, amma rabin rusunawa, don jama'a na ture mu ta ko'ina. Muka shiga jirgin ƙasa zuwa Lyon, sa'a biyu kawai, tafiyar da a wajenmu sai a kwana a hanya. Ɗakinsa kuwa, in ka shimfiɗa dardumar salla sai ka ɗage kujera. Gadon da ya ba ni da rana kujera ne, da dare a ja shi ya miƙe. Shi ya kwanta a ƙasa. Sanyin watan Janairu ne, irin wanda ke shiga ta haƙori. Washegari a cikin na'urar hawa bene na haɗu da wata maƙwabciyarsa, na gaishe ta, na tambayi gida, na tambayi yara, na tambayi gajiya. Matar nan ta rungume jakarta ta zuba wa ƙofa ido har muka sauka. Laminu ya ce shekararsu uku ƙofa da ƙofa, bai san sunanta ba.

Kwana uku na yi a Lyon. Ya kai ni inda koguna biyu suka haɗu, ɗaya kore ɗaya ruwan ƙasa, suna tafiya gefe da gefe kafin su gauraya. Ya saya mini wani abincin garin, curin kifi da fulawa cikin miya mai madara, laushi kamar an tauna maka. Na ci don kada ya ji kunya. Amma abin da ya fi damuna ba abincin ba ne, yadda yaron ke ci ne. A tsaye yake ci. A hanya yake ci, burodi a hannu, yana tafe yana gatsa. Yaron da a gida ko ruwa ba ya sha a gaban ubansa.

Ana gobe za mu tafi Paris ya ba ni wani labari da ya ƙara tayar mini da hankali. Ashe kafin shi wani ya nemi Nafisa. Ya je gidan Alhaji, aka kawo abinci, ya zauna ya cinye faranti biyu a gaban dattijon, ya tashi da kansa ya buɗe firji ya ɗauko ruwa. Alhaji bai ce masa komai ba, amma daga ranar ba a sake maganarsa ba. Na ce to, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Na zaunar da Laminu kamar ɗan aji uku.

Na ce, "Gobe ko me aka aje a gabanka, ba ka gan shi ba. Suruki ba ya ci a gaban surukinsa. Ka ji ni?"

Ya ce, "Baba, ai ba gida za mu ba. Nafisa ta kama mana tebur a jirgin ruwa, irin wanda ke zaga gari ana cin abinci. Ita ta zaɓi komai da kanta."

Na ce, "Ko a jirgin sama ne. Kunya ba ta san ruwa ba, ba ta san tudu ba."

Ya ce to. Ni kuwa na kwanta ina jin na yi aikin babba.

Da sassafe muka kama jirgin Paris. Laminu bai karya ba don fargaba. Ƙarfe sha biyu muna bakin kogin Sen, iska na yanka kunne kamar reza. Can muka tarar da su. Alhaji Mahaman gajere ne, baƙi, fuskarsa ba ta nuna komai, ya sa hula ya kuma naɗe ta da mayafin ulu. Nafisa na gefensa, doguwa, fara'arta a fili. Hajiya, uwarta, ta ce ita ba ta hawa ruwa, tana gida a Saint-Denis tana jiran labari. Ni da Alhaji muka kama gaisuwa, gida, iyali, Yaya Sani da ƙafa, damina, mutanen Tawa, mutanen Maraɗi. Mai duba tikiti ya duba agogo sau uku. Sai da Nafisa ta ce, "Baba, jirgin zai tashi ya bar mu," sannan muka saki hannu. Na ba shi haƙuri kan kilishi. Ya ce, "Ba komi, kare ya riga ni," bai ko murmusa ba.

Jirgin dogo ne, rufinsa da bangonsa duk gilashi, ciki da ɗumi. Tebura a jere da fararen ƙyallaye, kowa da cokula uku, wuƙaƙe biyu, kofuna uku. Tun nan na ga abin da ban lissafa ba. A gida in suruki ya zo, ana kai masa kwanonsa wani ɗaki, a ja ƙofa, ya ci abinsa. Nan kuwa teburin mutum huɗu ne, Laminu na fuskantar Alhaji, gwiwa na kusan taɓa gwiwa, kuma ba wurin gudu sai kogi. Ga yarinya zaune da ubanta da manemin aurenta a tebur guda, abin da a Maraɗi ko a mafarki ba a yi.

Mai kawo mana abinci wata Bafaranshiya ce mai furfura, ta ɗaure gashi a ƙeya, tafiyarta tsaf kamar shugabar makaranta. Da Nafisa ta ce ba ma shan giya, nan take ta kwashe kofunan ba tare da wata magana ba, ta kawo ruwa. Nama kuma Nafisa ta riga ta ce a bar shi, kifi za a ba mu, don ba mu san wanda ya yanka ba. Na yaba da hankalin yarinyar.

Aka fara da miyar kabewa, zalla, ba tuwo ba komai, an ɗiga mata madara a tsakiya. Na duba ko'ina ina jiran abin da za a ci da ita, na ga kowa ya kama sha da cokali. Da zafinta, kuma ba laifi, sai dai gishiri kamar ana tsoronsa. Ni da Alhaji da Nafisa muka shanye. Laminu ya haɗa hannu a cinya, ya sunkuyar da kai, miyarsa na tururi a gabansa. Na ji daɗi a raina, na ce yaro ya ji magana.

Ashe su a tsarinsu ba a kawo abinci na biyu sai kowa ya gama na farko. Matar ta zo ta duba, ta koma. Ta sake zuwa, ta koma. Teburan gefenmu har an kai musu kifi, mu muna zaune da kwanon Laminu a tsakiya kamar gawar da ba a san danginta ba. A zuwa na uku ta sunkuya ta tambaye shi, cikin ladabi, ko miyar ba ta yi masa ba. Ya ce a'a, ta yi kyau. Ta ce to ko ba shi da lafiya. Ya ce lafiyarsa lau. Ta ɗauke kwanon tana dubansa.

Nafisa ta matso ta yi masa raɗa da Faransanci, amma kunnen malamin lekol ba ya barin raɗa ta wuce. Ta ce, "Me ke faruwa? Sati uku ina shirya wannan. In ka fasa ne ka faɗa mini, kada ka wulaƙanta ni gaban babana." Idonta ya kawo ruwa. Laminu ya dube ni. Na kawar da kai na kama kallon wata gada. A nan ne na fara jin cewa wataƙila garin neman gira zan rasa ido.

Aka kawo kifi, fari, ɗan yanki a tsakiyar ƙaton faranti, da dankali uku da wani ganye a kai. Laminu bai taɓa ba. Cikinsa kuwa ya yi wata ƙara da na tabbata har Alhaji ya ji. Wannan karon matar ba ta tambaye shi ba, kicin ta nufa. Sai ga mai dafa abincin da kansa, ƙato, da doguwar farar hula, fuskarsa ja. Ya tsaya a kan Laminu ya ce shekararsa ashirin yana dafa kifi a kan kogin nan, ba a taɓa mayar masa da faranti biyu daga mutum ɗaya ba. In kifin ne, zai soya ƙwai. In ƙwan ne, zai dafa taliya. In wani abu ne jikinsa ba ya so, a faɗa masa yanzu. Ba faɗa yake ba, abin ya dame shi ne da gaske, amma muryarsa ta cika jirgin. Duk teburan suka juyo. Wasu 'yan yawon buɗe ido suka bar kallon gari suka koma kallonmu. Kunyar da ake yi don kada a gan ka, ga ta ta tara mana kasuwa.

Na dubi Laminu, gumi na keto masa cikin wannan sanyi. Na dubi Nafisa, ta rufe fuska da hannu. Na dubi Alhaji, fuskar nan dai ba ta ce komai ba. Wallahi tsoro ya kama ni. Na ce shi ke nan, in yaro ya ci ya zama marar kunya, in bai ci ba ya kunyata 'yar mutane a bainar jama'a, kuma ni na ɗaura masa wannan igiya. Me zan koma in gaya wa Yaya Sani?

Sai Alhaji ya aje cokalinsa. Ya miƙe a hankali, ya kama kujerarsa, ya juya ta gaba ɗaya ta fuskanci gilashi, ya zauna ya ba teburin baya. Na ɗauka fushi ne. Can ya ce, ba tare da ya waiwayo ba:

"Malam Isa, jawo kujerarka. An ce mini shekara talatin kana koya wa yara garin ga cikin littahi, ba ka taɓa ganinai ba. Ni kuwa shekara arba'in ina share titunanai, kaina ƙasa, ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba. Taho ka gwada mini mi an nan."

Na jawo kujerata. Muka zauna kafaɗa da kafaɗa, mun ba yaran baya. Mai abincin ya tsaya baki buɗe. Na yafito matar mai furfura, na gaya mata a taƙaice cewa a ƙasarmu saurayi ba ya ci a idon uban yarinyar da yake nema, girmamawa ce, ba laifin kifi ba ne. Ta ce, "Ai da an gaya mini tun farko." Ta ja mai abincin gefe ta yi masa bayani. Ya dafe hularsa, ya ɗauki farantin Laminu da ya huce ya tafi da shi.

Abin da matar nan ta yi daga nan, ban ga irinsa ba ko a gidan biki. Ta kawo wani ɗan tebur ta sa a gabanmu jikin gilashi, ta maido farantanmu kai. Ta ɗauko wani allon katako da ake rataya riguna a jikinsa ta gitta tsakanin yaran da sauran jama'a. In za ta kai wa Laminu abu, sai ta zagaya ta baya, ko ƙarar cokali ba ka ji. Mai abincin ya aiko da sabon kifi mai zafi, na lura ya ninka na kowa, har da miyar kabewar da aka mayar.

Ni kuma na kama aikina na malami. Na nuna wa Alhaji babban cocin da ke tsakiyar kogi, na nuna masa gidan ajiye kayan tarihi, na gaya masa sarkin da ya gina wace gada. Shi kuma yana ce mini, "Wanga titi na share shi shekara shida. Bayan wancan gini akwai famfo, nan muke alwala." Da muka zo ƙarƙashin doguwar hasumiyar ƙarfen nan, ya ɗaga kai har mayafinsa ya zame, ya ce, "Ashe haka take da tsawo." Sai na tuna da kwalbar maiɗakina. Na zaro ta na barbaɗa a kifina, na miƙa masa. Ya barbaɗa, ya kai baki, ya tauna a hankali. Idonsa ya cika da hawaye. Ya ce yajin ne da ƙarfi. Na ce ƙwarai, hannunta da nauyi.

Rana ta yi duhu-duhu da hadari, gilashin ya koma kamar madubi. A cikinsa ina hango Laminu yana ci kamar wanda ya dawo daga gona, Nafisa na tura masa burodi tana dariya tana share ido. Na saci kallon Alhaji, na ga shi ma ba hasumiya yake kallo ba. Muka haɗa ido a gilashin, kowa ya yi kamar bai ga ɗan'uwansa ba. Aka kawo cuku mai warin da a gida da an zubar, muka bar shi. Aka kawo wani abin zaƙi mai tuffa da ɗumi, wannan kam har na so ƙari. Ba mu juyo ba sai da matar ta zo ta ce mana a hankali, "Ya gama."

Da jirgi ya tsaya, mai abincin ya fito ya ba Laminu hannu, ya ce Allah ya sa a dace, da irin tasu addu'ar. Matar kuwa, na so in yi mata godiya mai tsawo irin tamu, amma tuni ta juya tana canja ƙyallen tebur don masu shigowa. Ban ko san sunanta ba.

A bakin kogi iska ta sake karɓar mu. Yaran suka yi gaba kaɗan. Ni dai har lokacin ban ji i ba, ban ji a'a ba, kuma ba na iya komawa Maraɗi da kujerar da aka juya. Na yi ta maza na ce, "Alhaji, ka yafe mana abin da ya faru. Laifina ne, ni na hana shi ci. Me zan gaya wa yayana?"

Ya tsaya yana gyara mayafinsa. Ya sa hannu a aljihu, na ga kwalbar yajina ce a ciki, ban san lokacin da ya ɗauke ta ba.

Ya ce, "Malam Isa, kai da karatunka? Da baƙo na, in ya so ya ci, in ya so ya bari, mi ya dame ni. Ka taɓa ganin an juya kujera don baƙo? Ka ce ma Sani ya aiko a sa rana."

Na dafa ƙarfen bakin kogi, sanyinsa ya kama mini tafin hannu ban ko ji ba. Na ce alhamdu lillahi ya fi sau goma. Alhaji ya yi gaba abinsa, yana ƙwala wa Nafisa kira ta zo ta nuna masa bakin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, wai shi bai saba fitowa ta wannan gefen garin ba.

To 'yan fada, ga labarin. Ƙanƙara na gan ta, fara ce, da sanyi, ba ta da wani labari. Ku kuma masu tambaya ko na ga Paris da kyau, na gan ta, sa'a guda cur ina kallonta ba ƙiftawa, don ba ni da ikon waiwayawa. Malam Habu, zuba mini na biyu kafin ya huce.